Enzaim ɗin ACC1 da ma'aunin garkuwar jiki: a yaba, amma kar a yi gaggawa

Mai karatu, wataƙila ka taɓa cin karo da labarin wai an gano makunnin da zai kashe kumburi a jiki. Ɗaya daga cikin binciken da ake jingina irin wannan magana da shi ya fito a mujallar Nature Medicine a 2014, daga Luciana Berod da Tim Sparwasser da abokan aikinsu a Hannover ta ƙasar Jamus.

Ga abin da suka gano. A cikin ƙwayoyin garkuwar jiki akwai Th17 masu hura wutar kumburi, akwai kuma Treg masu yayyafa mata ruwa. Th17 da kansu suke ƙera kitsen da suke gina jikinsu da shi, kuma enzaim ɗin ACC1 ne ke fara wannan aiki. Su kuwa Treg, kitsen da ke kewaye da su suke ɗauka. Da aka toshe ACC1 da sinadarin soraphen A, sai Th17 suka ragu, Treg suka ƙaru, cuta mai kama da MS, wadda garkuwar jiki ke lalata rufin jijiyoyi, ta yi sauƙi a jikin ɓeraye.

Aikin kam ya yi kyau. Ba su tsaya ga magani kaɗai ba, sun cire enzaim ɗin daga ƙwayoyin T na ɓerayen, suka ga sakamako iri ɗaya.

To, ina gizo ke saƙar? Na farko, ɓera ba mutum ba ne, ƙwayoyin mutum kuwa a ɗakin gwaji aka gwada su. Na biyu, ACC1 ba na garkuwar jiki kaɗai ba ne, hanta ma da shi take aiki. Da aka gwada magunguna masu toshe ACC a kan masu kitsen hanta, sai kitsen cikin jininsu ya hau.

Na uku, kwatancen ma'aunin kansa yana yaudara, sai ka ɗauka Th17 mugu ne, Treg kuma na kirki. Ai Th17 ne ke kare bakinka daga cutar kandida. Maganin secukinumab mai toshe IL-17 yana taimakon masu cutar fata ta psoriasis, amma da aka gwada shi a kan cutar hanji ta Crohn, bai yi amfani ba, wasu ma ciwon ya ƙaru. Treg kuma in sun yi yawa, kansa ke fakewa a bayansu.

Don haka in an ce maka an samo makunni, ka tambaya: a jikin wa, a wace gaɓa, da wace illa? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.