Gidan da Murhunsa Ya Mutu

A daminar bara, cikin watan Agusta, kusurwar gabas ta wani tsohon soro a unguwarmu da ke Birnin Kudu ta zube da tsakar dare. Babu wanda ya ji rauni, domin shekara shida ke nan rabon da wani ya kwana a ciki. Gidan wani malami ne da ya rasu tun kafin a haife ni, wanda yawancin dattawan unguwar a zaurensa suka yi karatun allo. Da gari ya waye jama'a suka taru suna salati, sai ɗaya daga cikin samarinmu ya ce ai kamata ya yi a mai da wurin gidan tarihi kafin sauran ma ya zube. Maganar ta karɓu. Da yake ni ne na karanta tarihi a jami'a, ga shi kuma ban sami aiki ba tukuna, sai aka ɗora mini nauyin zuwa in ga yadda ake yi a wasu garuruwa, in dawo da shawara. Na je, na dawo, sai dai shawarar da na kawo ta sha bamban da wadda aka aike ni nema.

Mu mutanen Birnin Kudu, a jikin dutse muka san kayan tarihi. Muna da Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, inda mutanen da suka zana shanu masu dogayen ƙahoni, ga kuma duwatsun kiɗa masu amo kamar ƙarfe. Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, aka sanya su cikin kayan tarihin ƙasa, yanzu kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa tana da cibiya a garin dominsu. Abin alfahari ne, amma ya koya mana wani darasi da bai dace da gida ba: cewa adana tarihi shi ne a kewaye wuri, a kafa allo, a sa mai gadi. Dutse yana iya jiran shekara ɗari ba a taɓa shi ba. Ginin ƙasa kuwa damina uku ta ishe shi.

Da Gidan Makama na fara, a birnin Kano, kusa da fadar Sarki. Tarihi ya danganta ginin da Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma Turawa sun yi amfani da shi bayan sun ci birnin a 1903. Mai shiga zai ga ƙyamaren tsofaffin ƙofofin birni, da makamai, da tufafi, da hotunan sarakuna. A matsayin taskar tarihin Kano ba ni da abin da zan ce sai yabo. Abin da na lura da shi a kaina ne da sauran baƙi: duk idanunmu na kan abin da ke cikin akwatunan gilashi, ba wanda ya ɗaga kai. Alhali babban abin kallo yana bisa kanmu, wato daurin gugan da ke riƙe da rufin, da yadda aka jera azara, da sanyin da ke tarar mutum daga shigowarsa cikin zafin bazara ba tare da fanka ba. Idan aka mai da gida gidan tarihi, sau da yawa gidan kan koma mazubi kawai, kamar ƙwaryar da aka zuba fura, kowa furar yake duba. A ganina wannan shi ne kuskure na farko da ya kamata mai shiri ya kauce wa, domin kayan da ke cikin gilashi ana iya kai su kowane gini, amma soron ba ya ƙaura.

Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa ya fi kama da gida, domin har yanzu mutum yana iya cewa nan aka zauna, nan aka kwana. A nan Hanns Vischer ya zauna, haifaffen Siwizalan da ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya kuma buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Na daɗe a tsaye ina kallon zanen bango, ina tambayar kaina sunan wanda ya zana shi. Mun san sunan Baturen da laƙabinsa da shekarar haihuwarsa. Mun san matarsa Isabelle, wadda ta rubuta littafi da Faransanci a kan zamanta a ƙasar nan. Maginin da ya ɗaura bakan gizon fa? Kukun da ya hura wuta, da yaron da ya ɗebo ruwa, da matan da suka kawo nono ƙofar gida? Gidan da aka sa masa sunan mutum ɗaya, hannuwa da yawa ne suka tsai da shi.

A nan ne sukata ta fi nauyi, kuma ta shafi yadda muke ba da labarin gidajen manya gaba ɗaya. Gidan Bahaushe kashi biyu ne. Akwai zaure, inda maigida ke karɓar baƙi, a yi shari'a ko karatu ko siyasa. Akwai kuma cikin gida, bayan shigifa, inda ake daka da girki da haihuwa da jinya da wankan gawa. Labarin da muka iya bayarwa na zaure ne: ga inda ya zauna, ga sandarsa, ga wanda ya ziyarce shi a shekara kaza. Da an zo cikin gida sai labari ya ƙare, a bar ɗakuna a rufe ko a mai da su ofis. To amma wa ya ciyar da almajirai arba'in kullum? Wa ya san yawan geron da ke fita daga rumbu a mako? Wannan ma tarihi ne, tarihin tattalin arziki ma kuwa, kuma shi ne ya fi saurin ɓacewa domin ba a rubuta shi ba. A Amurka, gidan Thomas Jefferson da ake kira Monticello ya shafe shekaru masu yawa yana ba da labarin maigidan kaɗai, sai a 2018 aka buɗe ɗaki na musamman domin Sally Hemings, baiwar da ta haifa masa 'ya'ya. Su ma sun makara, amma sun yi. Mu da manyan gidajenmu na da suka ƙunshi bayi da ƙwaraƙwarai da barori, wannan magana tana jiranmu, ko mun so ko mun ƙi.

Gidan Mambayya da ke Gwammaja ya nuna mini wata hanya. Gidan Malam Aminu Kano ne, a nan aka binne shi bayan rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yanzu kuma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Ana taro a zauren Sa'adu Zungur, ana lacca, ɗalibai na shige da fice. Haka Arewa House a Kaduna, gidan da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da matarsa Hafsatu ranar 15 ga Janairu, 1966, wanda tun 1970 ya zama cibiyar bincike da adana takardun tarihi, tana kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Waɗannan gidaje biyu suna raye ne domin an ba su aikin yi, kuma aikin ya yi daidai da rayuwar masu su. Haɗarin wannan hanya shi ne sabon gini ya haɗiye tsoho, baƙo ya zo taro ya tafi bai leƙa ɗakin Malam ba, alhali ƙanƙantar ɗakin da ƙarancin kayan cikinsa sun fi kowace lacca bayyana ko wane ne shi. Duk da haka, na fi son gidan da hayaniya ta yi wa yawa a kan wanda jemagu suka gaje.

Abin da ya sauya mini tunani baki ɗaya kuwa ba a waɗannan wurare na gan shi ba. A wani gari ne a hanyata ta dawowa, inda aka nuna mini tsohon gidan wani basarake da aka yi wa gyara shekarun baya. An shafe bangon ƙasa da siminti, aka yi masa fenti, ya yi kyau a hoto. Na ƙwanƙwasa bangon sai na ji amon fanko. Wani tsohon magini da ke zaune a dakalin maƙwabta ya ga abin da nake yi, ya ce, “Ɗan nan, matsa daga nan, wannan bangon gawa ce aka sa wa riga.” Na gaishe shi na ce, “Baba, yaya aka yi?” Sai ya yi mini bayanin da ban samu a aji ba. Siminti ba ya kama ƙasa. Rana ta buga, sanyi ya sauka, sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita domin simintin ya toshe numfashin bango. Tubali ya jiƙe daga ciki, gara ta sami mafaka, kan azarar da ke cikin bango ya ruɓe, ba mai gani har ranar da ɓangare guda zai faɗo gaba ɗaya. Ya ce yaɓen ƙasa da makuba ba ya ɓoye ciwo, duk inda ya zaizaye za ka gani ka gyara da rani. Ya ƙara da cewa yawancin sorayen da ya ga sun faɗi, indararo ɗaya ne ya toshe, ruwa ya kwana a kan rufi, ba a sami mai hawa ya share ba.

Wannan ya sa na gane cewa tsarin makomar gidan ƙasa tsarin makomar sana'o'i ne. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta. Azara daga giginya take, kuma giginya ba ta girma a shekara goma. Laso, wanda ake shafe rufi da shi don kada ruwa ya ratsa, haɗi ne na katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Idan marina ta mutu, laso ya mutu. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya da Gidan Madaki a Kafin Madaki ta jihar Bauchi, ya bar gine-ginen da suka haura shekara ɗari da hamsin, amma ba su kai haka don ƙarfin tubali kaɗai ba. A kowane zamani an sami masu hawa su yaɓa. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari ne ke fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu, aikin ya zama biki. Duk tsarin da ya tanadi kuɗin buɗe gida da yanka kintinkiri, bai tanadi kuɗin yaɓen shekara ta biyar ba, bai kuma tanadi yaron da zai koya a hannun magini ba, to takarda ce kawai.

Saura maganar mallaka, wadda kowa ke kauce wa. Gidan malaminmu gado ne, magada sun haura ashirin, wasunsu suna bukatar kuɗi yau, kuma hakkinsu ne. Ba daidai ba ne samari su taru su yanke hukunci a kan dukiyar marayu da sunan son tarihi. Hanyar da na gani ita ce waƙafi, wanda Musulunci ya tanada tun da daɗewa: ko magada su ba da zauren da yardarsu, ko jama'a su sayi kasonsu a kan farashin gaskiya, a rubuta a gaban alƙali, a haɗa da wani abu mai kawo kuɗi, ko da shago ɗaya ne, wanda hayarsa za ta riƙa biyan yaɓe.

Kafin in kai rahoto, na je gaida 'yar malamin da ta rage, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo, ta haura tamanin. Na gaya mata abin da ake shiryawa. Ta yi dariya ta ce, “Yaro, me za ku nuna wa mutane? Buzu da allo?” Sai ta shiga ba ni labarin yadda mahaifiyarta ke tashi kafin asuba ta dama kunun almajirai a tukunya biyu, da shekarar yunwar da aka riƙa auna tsaba da ludayi, da ɗakin da aka keɓe wa matan da suka yi yaji har a sasanta su da mazajensu. Ta gaya mini inda murhu yake, da inda rijiya take kafin a cike ta. Awa biyu na yi ina ɗauka a waya, kuma babu ko ɗaya cikin abin da ta faɗa da ke cikin jerin kayan da samarinmu suka rubuta za a baje.

A taron da muka yi bayan sallar isha'i na ce kada a sayi akwatin gilashi ko ɗaya bana. Na ce a fara da share indararo da tokare bangon gabas, a nemo magini daga cikin tsofaffin da suka rage a nan ko a Gwaram, a haɗa shi da yara biyu. A zauna da magada. A mai da karatun allo zauren da yamma, ko da yara goma ne, domin a sami mai buɗe ƙofa kullum. A kuma ɗauki muryar Gwaggo da sa'o'inta tun suna da rai. Wasu ba su ji daɗi ba. Sun so allo mai suna a bakin titi da ranar buɗewa da babban baƙo, ɗaya ma ya ce ashe kuɗin motar da aka tara mini yaɓe na je koyo. Magada uku har yanzu ba su amsa ba, kuma ɗaya daga cikinsu ya riga ya yi magana da mai sayen fili. An dai kawo ƙasa jaki goma sha biyu, tana jiƙe a ƙofar gida, magini ya ce sai ta kwana bakwai kafin a taka ta.