Tsokaci a kan Ƙidayar Malaman Firamare a Nijeriya: Misali daga Ƙasar Jega

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi tsokaci a kan wata al'ada da ta samu gindin zama a wajen hukumomin ilmi da wasu manazarta, wato ɗaukar yawan malaman firamare a matsayin ma'aunin ci gaban ilmi. Za mu bi tarihin wannan adadi daga 1976, sa'an nan mu auna shi da halin ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda a da suke cikin Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991.

Hawa da Saukar Adadi

A watan Satumba na 1976 ne Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da U.P.E. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, amma kimanin miliyan 3 suka bayyana. Domin cike gurbi sai aka buɗe kwalejojin horon malamai barkatai, aka gajarta wa'adin horo ga wasu, aka kuma ɗauki malaman wucin-gadi waɗanda ba su da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu. A shekarar ce kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin horar da malamai suna bakin aiki. Cikin 'yan shekaru adadin malamai ya ninka.

Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai albashi ya riƙa makalewa wata da watanni, jihohi suka sallami malamai, adadin ya ja da baya. An kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991 aka miƙa nauyin ga ƙananan hukumomi, aka sake kafa ta a 1993. Bayan ƙaddamar da shirin U.B.E. a Sakkwato a 1999 da dokarsa ta 2004, adadin ya sake hawa. Ke nan abin da alƙaluman suka fi nunawa shi ne ƙarfin baitulmali da canjin gwamnati.

Inda Ma'aunin ya Gaza

Da farko, ƙidaya ba ta bambance malami da mai karɓar albashin malami. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta yi niyyar mai da takardar N.C.E. mafi ƙarancin shaidar koyarwa, daga baya kuma aka daina horon daraja ta biyu. Duk da haka, a 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta bayyana cewa malamai 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa cin jarrabawar 'yan aji huɗu. Ko da mun yarda da ƙorafin ƙungiyar malamai game da yadda aka shirya jarrabawar, waɗannan mutane duk suna cikin lissafin da ake alfahari da shi.

Na biyu, jimilla tana ɓoye rabo. Manufar ilmi ta tanadi malami ɗaya ga yara 35, amma matsakaicin lissafin jiha yana haɗa makarantar da ke Sabon Garin Jega, inda akwai hanya da kasuwa da gidan haya, da makarantar ƙauye a ƙasar Maiyama wadda damina kan yanke hanyarta. Malamin da aka tura ƙauye yakan nemi ubangida ya mai da shi gari, sunansa kuwa bai fita daga ƙidayar ba. Idan an raba, sai takarda ta nuna kowa ya ƙoshi, alhali wani ya ci kaza biyu, wani ya kwana da yunwa.

Na uku, ƙidayar ba ta tambayar ko malamin yana shiga aji. A Aliero, inda noman albasa yake kawo kuɗi a hannu, malamin da albashinsa ya makale ba ya buƙatar dogon tunani kafin ya zaɓi gona. An kafa jami'ar kimiyya da fasaha a garin a 2006, to amma ɗalibin da za ta ɗauka daga hannun malamin aji ɗaya yake fitowa.

Kammalawa

Ba mu ce a daina ƙidaya ba, domin hukuma ba ta iya tsara kasafi ba tare da ita ba, kuma shirin 1976 ya kai boko garuruwan da ba su taɓa ganin allo da alli ba. Shawararmu ita ce kowace ƙaramar hukuma ta riƙa buga adadin malamanta makaranta-makaranta, tare da shaidar kowa da shekarunsa na aiki. Wannan ya ƙara zama wajibi bayan dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, domin tana iya riƙe adadi a tsaye alhali ba a ɗaukar sababbi. A 2023 Jihar Kebbi ta zaɓi tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa, Nasir Idris, a matsayin gwamna. Saboda haka muna ganin ita ce ta fi cancanta ta fara fitar da irin wannan lissafi, kuma haƙƙin malaman kwalejin ilmi ta Argungu da na jami'o'inmu ne su bi shi su tantance.