Jinjina ga Masu Sauraron Tarin Inji

A tudun yashin Glamis da ke Kalifoniya ta Amurka, babur mai ƙafa huɗu irin Yamaha Banshee ya yi suna, kuma da wuya ka ga wanda mai shi ya bari yadda ya fito daga kamfani. An sauya salansa, an buɗe wa matatar iska baki. A ƙaramin gudu lafiya lau, amma da an murɗa totur har ƙarshe sai injin ya kama tari yana shaƙewa.

Nan ake gane bakanike na ƙwarai, kuma shi nake yi wa jinjina. Ba ya gaggawar kwance inji. Ya san iskar da ke shiga ta ƙaru, alhali babban jet na kafireto, wanda ke shayar da inji a cikakken gudu, yana nan da ƙaramin raminsa. Sai ya sa sabon fulogi, ya fizgi babur ɗin, ya kashe shi yana tsaka da gudu, ya duba bakin fulogin. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma a inji irin wannan hakan na iya huda fistin. Baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. Launin ƙasa-ƙasa yake nema, a duka silinda biyu na injin, domin kowacce da kafiretonta.

Abu ɗaya yake sauyawa a kowane gwaji, haƙurin da masu babur ba su cika yi ba. Wani lokacin ma laifin na ramin numfashin murfin tanki ne da yashi ya toshe.