Waƙar da aka sa ranar bikin ƴar ajinmu

Kada wani ya ce na zo da wa'azi, ni ma ina jin su. Katin wayata cike yake da Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker, dala arba'in na ba mai turi ya zuba mini. A 2020, lokacin korona, da "Jaruma" ta fito, babu fadar da ba ta kwana da ita ba daga Gazawa har Gidan Rumji. Shayi na bisa wuta, kowa ya yi shiru yana tunanin tasa.

Abin da ya sa na fara sauraren waƙoƙin nan da wani kunne, biki ne. Bara bayan kaka aka ɗaura auren wata ƴar ajinmu a wani ƙauye kusa da Agiye. Tana aji uku a CEG aka fidda ta, aka ba wani ɗan kasuwar aya da ya girmi babban wanta. Mun je. Amarya na ɗaki ta sha kuka har muryarta ta dishe, a waje kuma mai DJ ya saki wata waƙa, mace na rera cewa ta samu zaɓin ranta. Ƙawaye na rawa. Ni ma na taka, wallahi, sai da na koma gida abin ya dame ni.

Tun ranar nake lura. Ɗauki waƙa goma ka ƙirga kalmominsu: zuciya, ruhi, numfashi, hawaye, jini da tsoka. Saurayi zai mutu, budurwa za ta haukace. To amma a wane gari? Ba gona, ba kasuwa, ba baban yarinya, ba sadaki. Mu kuwa nan soyayya da damina take tafiya. In gero da gyaɗa sun yi, a yi maganar aure. In ba su yi ba, saurayi ya ɗauki jaka sai ci-rani, Kano ko Agadas ko Libiya, ya dawo ya tarar an kai ta ɗakin wani. Wannan shi ne ciwon da muka sani, kuma ban ji shi a katina ba.

Na san daga inda salon ya fito. Finafinan Kano sun ɗauko shi daga na Indiya, namiji ya yi baiti mace ta amsa, bisa fiyano. Ba laifi ba ne, aro ba sata ba. Sai dai a saurari Haruna Uje da gurminsa yana kiran Jummai. Mace ɗaya ce mai suna, kana ji ka san akwai ta, ka san mutumin ya wahala a kanta. Ɗan Maraya Jos kuma da kuntiginsa ya shiga har cikin ɗakin ma'aurata ya fito da rigimarsu. Na yanzu "masoyiya" kawai suke kira, wadda za ta iya zama kowa, shi ya sa waƙa ɗaya take yi wa kowane biki daidai, har wanda amarya ba ta so.

Baitin macen ya fi ci mini rai. Sau da yawa namiji ne ke rubuta shi, ita ta hau. Sai ka ji tana faɗin abin da samari ke son ji: za ta jira, za ta yi haƙuri, ba ta kallon kowa. Muna da muryoyi, Fati Nijar ma ƴar Maraɗi ce. Amma a ƙasar da mafi yawan ƴan mata ke shiga ɗakin miji kafin shekara 18, kuma jiharmu na sahun gaba, ban taɓa jin wadda ta rera cewa a bar ta ta gama lakwal tukuna ba.

Wani abokina ya ce na cika tsanani, waƙa hutu ce, wanda ya wuni bisa kabu-kabu ba ya son a tuna masa da talauci da dare. Na yarda da rabin maganarsa. Shi ya huta. Ita fa?

Na gamu da ita ran kasuwar Gazawa, da goyo. Wayar mijinta ce a hannunta. Ta ce in tura mata sababbin waƙoƙi, na tura mata duk abin da ke katin.