Fensirin launi a hannun Bruly Bouabré

An daɗe ana ɗaukar fensirin launi kayan ƴan lakwal, ana keɓe fentin mai ga manyan masu zane. Akwai gaggawa a wannan hukunci. Tun 1908 kamfanin Faber-Castell na Jamus ya fito da Polychromos domin ƙwararru, amma hujjar da ta fi ƙarfi daga Kodebuwa ta zo.

Frédéric Bruly Bouabré (1923-2014) ya yi aiki da bik da fensirin launi a kan katuna masu faɗin tafin hannu. Da su ya zana haruffa fiye da 400 waɗanda ya ƙirƙiro wa harshensa na Bete, kowace gaɓa da hotonta. An nuna aikinsa a Paris a 1989, a baje kolin Magiciens de la Terre, sannan a gidan MoMA na New York a 2022.

Fensiri ba ya kwarara kamar fenti. Yana bin hannu layi-layi, tamkar alƙalami. Wannan ya dace da mutumin da zane da rubutu ba su rabu ba a wurinsa: jimla ce ke kewaye kowane hoto. Mai duba kati ɗaya zai ga siffofi a shimfiɗe, ba inuwa, ba zurfi, har ya raina. Sai an jera su ɗari-ɗari ƙarfinsu ke bayyana, su karantu kamar shafukan littafi.

Raunin fensiri shi ne hasken rana, mai kashe launi da sannu. Adana irin wannan aiki sai da inuwa. Matashin Maraɗi ko Damagaram da ke jiran fenti daga Turai kafin ya fara, ya duba cikin jakarsa ta makaranta.