Gandun Dabbobi da mudun da aka cika da yashi

Akwai wani irin adabi da Turawa ke kira distofiya, wato labarin ƙagaggiyar ƙasa inda zalunci ya zama doka, jama'a kuma suka saba da shi har suna yi masa godiya. Ba sai mun je Ingila neman misali ba. Tun 1975, ana cikin mulkin soja, Bala Abdullahi Funtua ya mayar da littafin George Orwell na 1945 zuwa Hausa, ya sa masa suna Gandun Dabbobi. Da yawa daga cikinmu sun ɗauke shi tatsuniyar yara saboda dabbobi ne ke magana. To, ba ta yara ba ce.

Asalin abin, a 1516 Thomas More ya rubuta labarin wani tsibiri da komai nasa ya daidaita, ya kira shi Yutofiya. Shekaru ɗari huɗu bayan nan, Turai ta ga yaƙin duniya, ta ga juyin juya halin Rasha na 1917 da ya yi wa talaka alkawarin aljannar duniya ya ɓuge da sansanonin azaba, sai marubuta suka juya tsibirin kai ƙasa. Zamyatin ɗan Rasha ya fara wajen 1920, Huxley ya biyo a 1932, Orwell ya ƙara da littafinsa mai suna 1984 a 1949. Shi Orwell ya yi yaƙi a Sifen a 1937, ya ga jaridu suna ba da labarin faɗan da ba a yi ba.

Kayan miyarsu kusan ɗaya ne: shugaba mai ido a ko'ina, 'yan leƙen asiri, abokin gaba da ake ɗora wa kowane laifi, da tarihi da ake gogewa a sake rubutawa. Amma mu 'yan kasuwa, inda littafin ya fi kama mu shi ne wajen awo. Yunwa ta shiga gandu, shugaban aladu ba ya son waje su sani, sai ya sa aka cika mazuban hatsi da yashi, aka barbaɗa ɗan sauran hatsin a sama, aka zaga da baƙo ya gani. Duk wanda ya taɓa sayen buhun masara a kasuwar Jimeta ya tarar da tsakuwa a gindi ya san wannan dabara. Bambancin kawai, a nan hukuma ce da kanta ke algus. Kowace Lahadi kuma kakakin aladu yana karanto lissafi cewa abinci ya ƙaru ninki biyu, ninki uku, dabbobi na saurare ciki na ƙugi. Ba su iya musu ba, don sun manta yadda mudun jiya yake. Haka dokoki bakwai da aka rubuta a bango: cikin dare ake ƙara musu kalma, da safe masu ɗan karatu su yi ta kallo suna zargin ƙwaƙwalwarsu. Kai, wannan wuri ya yi kyau! Mai tauye mudu da Suratul Muɗaffifina ta yi wa gargaɗi hatsi yake sata. Waɗannan har da tunanin mai saye suka haɗa. Dokin nan mai ƙwazo, da ƙarfinsa ya ƙare aka sayar da shi ga mahauta aka sayi giya da kuɗin, ba za mu ce komai a kansa ba, kowa ya san wani ɗan fansho.

Inda muka rabu da Orwell shi ne maganar addini. A gandun duka, mai wa'azi ɗaya ne: tsuntsu malalaci, ba ya aiki, sai labarin wani dutsen alewa da ake zuwa bayan mutuwa, aladu kuma suna ba shi rabon giya don ya kwantar musu da jama'a. Wannan tarihin cocin Rasha ne a idon Orwell. Namu ba haka ya fara ba. A ƙasar Hausa malami ne ya zauna ya lissafa zaluncin sarauta dalla-dalla: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya kawo jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da ƙwacen kaya a kasuwa. Tutar da Modibbo Adama ya karɓo, har ya kafa Yola a 1841, daga wannan ƙorafi ta fito. Labarin Fir'auna da Hamana kuwa ɗan Islamiyya ya san shi tun kafin ya ji sunan wani Bature, kuma a can azzalumi nutsewa ya yi, alhali Orwell ya bar aladu a kan tebur suna karta.

Sai dai fa kada mu yi saurin wanke kanmu. Shehun da kansa ya yi ta faɗa da waɗanda ya kira malaman mugunta, masu halatta wa sarki abin da ya ga dama. Idan kakar zaɓe ta zo aka fara sauke buhunan shinkafa a ƙofar gidajen limamai, tsuntsun nan na Orwell mukan tuna, kuma limaman unguwar nan ma gidajensu suna da ƙofa.