Hari ya yi yawa, ƙwallo ta yi kaɗan: abin da kofi biyu ya ɓoye a Los Angeles Kings

A kakar wasa ta 2011-12, cikin ƙungiyoyi 30 da ke buga NHL, babbar gasar ƙwallon gora ta kan ƙanƙara a Amurka da Kanada, Minnesota ce kaɗai ta ci ƙwallaye ƙasa da na Los Angeles Kings. Kings ta ci 188 a wasa 82, wato kusan 2.3 a kowane wasa. Da ƙyar ta samu gurbi na takwas, wanda shi ne na ƙarshe da ake shiga zagayen fitar da gwani daga ɓangaren Yamma. Wata biyu bayan nan, ran 11 ga Yuni 2012, ta lallasa New Jersey Devils da ci 6-1, ta ɗaga kofin Stanley karon farko tun da aka kafa ta a 1967. A 2014 ma haka aka yi: ta ƙare kaka tana ta 26 wajen cin ƙwallo, ta sake ɗaukar kofin.

Masu lissafin wasanni suna son wannan labari sosai, don suna ganin ya gaskata su. Cewa suke yi ƙarancin ƙwallon Kings rashin sa'a ne kawai, ƙungiyar tana kai hari fiye da kowa, kuma duk wanda ya iya karanta alƙaluma ya san ranar da ƙwallayen za su fara shiga tana nan tafe. Ni dai ban gamsu ba. A ganina salon wasan da ya ba Kings mallakar fili shi ne kuma ya hana ta cin ƙwallo, kofunan nan biyu kuma suka sa aka ƙi duba matsalar har sai da ta cinye ƙungiyar.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Filin ƙanƙara ne mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26, an kewaye shi da katanga. Kowane ɓangare 'yan wasa biyar da gola ɗaya, suna sulɓi a kan takalma masu ƙarfe a ƙasa. Abin da ake bugawa ba ƙwallo ba ce zagayayyiya, wani ɗan faifan roba ne mai tauri, faɗinsa santimita 7.6, amma zan ci gaba da cewa "ƙwallo" idan ya shiga raga don kada mu wahalar da juna. Ragar ƙarama ce, mita 1.83 a faɗi, 1.22 a tsaye, kuma golan da ke gabanta ya sha kayan kariya har ya kusa toshe ta. Shi ya sa a shekarun da muke magana, cikin hari 100 da suka nufi raga, kusan 9 ne kawai ke shiga.

To, yaya Kings ke wasa? Tun zamanin koci Terry Murray, wanda aka sallama a Disamban 2011, ƙungiyar ta ginu ne a kan tsaron gida. Darryl Sutter da ya gaje shi bai rushe ginin ba, ƙara masa matsi ya yi. Maimakon ɗan gaba ya shiga yankin abokan hamayya da faifai a jikin sandarsa, sau da yawa sai ya wurga shi can kusurwa, 'yan wasa masu jiki irin su Dustin Brown da Dwight King su bi shi da gudu, su maƙure ɗan bayan abokan hamayya a jikin katanga su ƙwace. Daga nan sai a yi ta juya faifan a gefen katanga, a mayar wa ɗan baya kamar Drew Doughty da ke tsaye can nesa, shi kuma ya ɗirka wa raga ta cikin cunkoson ƙafafu, ko Allah zai sa ya taɓa wani ya karkace, ko gola ya amayar. Idan an rasa, a sake ƙwatowa a maimaita. Kuma kullum akwai ɗan gaba ɗaya da ke ɗan ja da baya, don kada a yi musu harin ba-zata.

Wasa ne mai gajiyar da abokin hamayya, kuma, gaskiyar magana, mai gajiyar da ɗan kallo.

Akwai wani ma'auni da ake kira Corsi, sunan wani kocin gololi ne na Buffalo, Jim Corsi, aka laƙaba masa. Abin da yake ƙirgawa shi ne duk wani yunƙurin bugu zuwa raga: wanda ya shiga, wanda gola ya tare, wanda ya yi waje, da wanda ya bugi jikin wani. Sai a duba kason da ƙungiya ta samu cikin jimillar yunƙurin ɓangarorin biyu. Hikimar ita ce ƙwallaye ba su da yawa, don haka sa'a na iya wasa da adadinsu, amma yunƙurin bugu yana da yawa, ya fi nuna wanda ke riƙe da wasa. Kuma hikimar ba ta banza ba ce. Daga 2012-13 zuwa 2016-17, kaka biyar a jere, Kings ce ke kan gaba a wannan ma'auni, tana samun kusan kashi 55 cikin 100 ko fiye. A gasar da aka ƙayyade wa kowa kuɗin albashi, hakan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai Corsi yana ɗaukar kowane bugu daidai da ɗan'uwansa. A nan gizo ke saƙar.

Bari mu yi ɗan lissafi. A 2011-12 Kings ta kai hari kusan 2,500 da suka nufi raga. Da ta ci kashi 9 cikin 100 kamar sauran, da ta samu ƙwallaye kusan 225. Ta samu 188, wato kashi 7.5. Idan muka ɗauka kowane hari kamar jefa ƙuri'a ne mai damar 9 cikin 100, gwargwadon yadda sa'a ke karkatar da jimillar sama ko ƙasa kusan ƙwallaye 14 ne. Giɓin Kings ya kai ninki biyu da rabi na wannan. Abu ne da ba a saba gani ba, amma a gasa mai ƙungiyoyi 30, ba abin mamaki ba ne a samu ɗaya da ta faɗa irin wannan rami lokaci-lokaci. Don haka wanda ya ce rashin sa'a ne a watan Fabrairun 2012 bai yi wauta ba.

Matsalar ita ce abin bai tsaya a kaka ɗaya ba. A 2013-14 ƙasa da kashi 8 ta ci. A 2016-17 ma ƙasa da 8. Kada a ce na tsinci munanan shekaru na bar masu kyau, mu haɗa duka kaka shida, daga 2011-12 zuwa 2016-17, har da gajeriyar kakar 2012-13 da ƙwallayen suka shiga yadda ya kamata. Hari sama da 14,000, ƙwallaye kusan 1,150, wato kusan kashi 8. A matsakaicin gasa da ta ci kusan 1,280. Giɓin ya haura 120, alhali abin da sa'a za ta iya karkatarwa a wannan yawan harin bai wuce 35 ba. Idan mutum ya jefa kwabo sau dubu goma sha huɗu yana ta faɗuwa gefe ɗaya haka, ai kwabon ya kamata a duba, a daina zargin iska.

Dalilin yana cikin lissafin kusurwa da na lokaci. Daga shuɗin layin da 'yan baya ke tsayawa zuwa raga kusan mita 19 ne. Daga can, ko kana tsakiya, bakin ragar bai wuce digiri 5.5 a idonka ba. Ka matso zuwa mita 6, ya koma digiri 17, ninki uku. Bugu mai gudun kilomita 140 a awa daga mita 19 yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa kafin ya iso, kuma rabin daƙiƙa ya ishi golan NHL ya gyara tsayuwa idan yana ganin faifan. Daga mita 6, ko da bugun bai kai wancan ƙarfi ba, kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne, daidai iyakar abin da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke buƙata kafin ta motsa hannu. Sannan akwai abin da tsohon gola Steve Valiquette ya ja hankali a kai bayan ya bi ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya a bidiyo: ka ja layi daga tsakiyar raga ya raba fili gida biyu, duk fasin ɗin da ya tsallaka wannan layi dab da bugu yana tilasta wa gola ya ja jiki daga gefe zuwa gefe, kuma yayin da yake motsi ƙofofi na buɗewa. Irin wannan fasin yana da haɗari, don idan aka tare shi, sai harin ba-zata. Salon Kings an gina shi ne don kauce wa wannan haɗari. Ka ga kuwa ba za ka guje wa fasin ɗin ba sannan ka ci ribarsa.

Haka batun wurga faifai kusurwa. A 2013 Eric Tulsky da abokan aikinsa sun gabatar da bincike a taron lissafin wasanni na MIT Sloan, inda suka nuna shiga yankin abokan hamayya da faifai a sanda yana haifar da hari fiye da ninki biyu na wurgawa a bi. Kings ta yi fice ne don ta fi kowa iya ƙwato abin da ta wurga. Amma kafin ta ƙwato, 'yan wasa biyar na abokan hamayya sun riga sun dawo gida sun tsaya a wurarensu. Harin da za ka kai a lokacin, ko goma ne, kan shiryayyen gola kake kai shi.

Yanzu mai karatu zai ce: to malam, kofi biyu cikin shekara uku, me kuma ake nema? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan yi kamar salon bai yi aiki ba. Ƙungiyar da faifai ke yankin abokan hamayyarta mafi yawan lokaci ba a cika cin ta ba. A 2013-14 Kings ce aka fi ci ƙwallaye kaɗan a duk gasar. Amma mu duba abin da ya faru dab da kowane kofi. A Fabrairun 2012 manajan ƙungiyar, Dean Lombardi, ya ba Columbus ɗan baya Jack Johnson ya karɓo Jeff Carter, mutumin da ya taɓa cin 46 a kaka ɗaya. A zagayen fitar da gwani Kings ta ci 57 a wasa 20, aka ci ta 30 kacal, gola Jonathan Quick ya tare kashi 94.6 na harin da aka kai masa. Babu tsarin koci da zai yi maka alƙawarin wannan adadi. A Maris 2014 kuma Lombardi ya sake komawa Columbus ya ɗauko Marian Gaborik, wanda ya ci 14 a zagayen fitar da gwani, fiye da kowa a shekarar. Duk da haka sai da Kings ta buga wasa na bakwai sau uku a gidan wasu, har da zagayen da San Jose ta riga ta ci uku a jere. Sau biyu ke nan ana sayo ƙwallon da tsarin ba ya samarwa. Shugabannin ƙungiyar sun san inda ke musu ciwo, ko da masu yabon Corsi ba su yarda ba.

Ranar da ba a samu wanda za a sayo ba, abin ya fito fili. A 2015, tana riƙe da kofi, tana kan gaba a Corsi, Kings ta kasa shiga zagayen fitar da gwani. A 2016 San Jose ta fitar da ita a wasa biyar. A 2017 ta sake kasa shiga, har yanzu tana ta ɗaya a Corsi, yayin da Pittsburgh ke ɗaukar kofi biyu a jere da 'yan wasa masu gudu. Lallai Quick ya ji rauni a wasan farko na kakar ya yi watanni yana jinya, amma ba tsaron raga ne ya kayar da su ba. Anze Kopitar, gwanin ƙungiyar, ƙwallo 12 ya ci duk kakar. Akwai ma wani tarko a cikin alƙaluman: ƙungiyar da aka ci tana kai hari da yawa don neman farkewa, wadda ke gaba kuma tana ja da baya. Don haka wani ɓangare na kyawun Corsi ɗin 2017 alamar ciwon ne da kansa. A Afrilun shekarar aka sallami Sutter da Lombardi rana ɗaya.

Kakar da ta biyo baya ita ce mafi kusa da gwajin ɗakin bincike da za mu iya samu. Kusan 'yan wasan nan ne, sai sabon koci John Stevens, wanda ya sassauta musu su riƙa shiga tsakiya, har aka ɗauko Pierre Turgeon musamman don ya kula da kai hari. Kopitar ya tashi daga 12 zuwa 35. Brown, da ya shafe kaka huɗu bai wuce 15 ba har ana cewa ya ƙare, ya ci 28. Corsi ɗin ƙungiyar ya sauko zuwa tsaka-tsaki, ƙwallayenta suka ƙaru da kusan 40. Ba gwaji ba ne mai tsabta, don a kakar cin ƙwallo ya ƙaru a duk gasar, kuma 12 ɗin Kopitar dama ta yi ƙasa da yadda ya saba, ko ba a canza koci ba zai ɗan farfaɗo. Amma alƙiblar ta dace da abin da lissafin kaka shida ya nuna.

Laifin da nake ɗora wa masu alƙaluma na wancan lokaci ba na ƙirƙiro Corsi ba ne, don shi ne abin da bayanan da ke hannunsu suka ba da dama. Laifin shi ne duk abin da ma'aunin bai iya bayyanawa ba sai a kira shi sa'a, shekara bayan shekara. Daga baya ne ma'aunin da ke auna darajar kowane hari bisa nisa da kusurwa ya yaɗu, irin wanda masu kallon Firimiya suka sani da xG.

Gyaran na Kings kuwa ya zo a makare, 'yan wasan sun manyanta, kwantiragi masu tsawo sun ɗaure kuɗin. A Afrilun 2018 ta haɗu da Vegas Golden Knights, ƙungiyar da ba ta cika shekara ɗaya da fara wasa ba. Quick ya yi iya yinsa, ƙwallo bakwai kawai aka ci shi a wasa huɗu, ɗaya daga ciki ma sai da aka yi ƙarin lokaci sau biyu. Kings ta ci uku. Ta sha kashi a duka huɗun.